Shin ƙwayar HPV ce ke kawo sankarar mama? Magana ga magidanta da iyaye mata

 

 Yau mun ɗan ajiye darasin hulba da muka faro, sai wani jiƙon in Allah ya kai mu, saboda wata tambaya da ta yi yawa har ta fi ƙarfin a amsa wa mutum ɗaya ɗaya. Tun da aka shigo da allurar rigakafin HPV jihar Kaduna ake ta yawo da magana iri biyu a gidajen biki da majalisun bayan la'asar, daga nan Gyallesu har Tudun Wada da cikin birni. Wasu na cewa wai masana sun gano ƙwayar cutar nan ita ce ke kawo sankarar mama, don haka duk yarinyar da aka yi wa allurar ta tsira daga ciwon nono har abada. Wasu kuma suka ɗauki maganar suka juya ta: tunda ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar, to duk matar da ta kamu da dajin nono sai a duba tarihinta. Duka biyun kuskure ne. Na farko yana sa a yi sake da ciwo, na biyun kuwa yana iya kashe aure ya kuma jefa mutum cikin zunubin ƙazafi.

Bari mu fara da abin da ya tabbata. HPV sunan dangi ne na wasu ƙwayoyin cuta ƙanana ƙwarai, irin waɗanda likitoci ke kira bairos, sun haura iri 200. Wasunsu su ne ke kawo tusar jaki a hannun yara, ba su da wani hatsari. Kamar iri goma sha biyu zuwa sha huɗu ne ke iya kai wa ga daji, kuma manyan ɓarayin ciki su ne lamba 16 da lamba 18. Wani likita Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano waɗannan biyun a cikin naman sankarar bakin mahaifa a 1983 da 1984, aka ba shi kyautar Nobel a kan haka a 2008. Su biyun kaɗai ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya. Da aka tattaro naman masu wannan ciwo daga ƙasashe da dama aka gwada, a wani bincike da aka wallafa a 1999, sai aka sami ƙwayar a cikin sama da kashi 99 cikin 100. An kuma san yadda take ɓarnar. Allah ya sanya wa kowace ƙwayar halittar jikinmu wasu masu gadi da ke hana ta hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba, ita kuma HPV tana fitar da wasu sinadarai biyu da ke ɗaure masu gadin nan. In ta daɗe a wurin, shekara 15 zuwa 20, sai naman ya rikiɗe. Mafi yawan waɗanda suka ɗauke ta, kamar tara cikin goma, jikinsu ke kore ta da kansa cikin shekara biyu ba su ma san ta shiga ba.

Da a zauren karatun hadisi muke, sai in ce wannan labari na HPV da bakin mahaifa mutawatiri ne. Ya zo ta hanyoyi masu yawa, daga mutanen da ba su haɗa baki ba, kuma duk maganarsu ɗaya.

To maganar nono fa? A nan ne ruwaya ta canza. A 1992 wasu masu bincike a Italiya suka ba da rahoton cewa sun ga alamar HPV lamba 16 a cikin naman wasu mata masu sankarar mama, kuma matan da suka gwada ba su ma kai ashirin ba. Daga nan aka yi ta gwaje-gwaje a Ostareliya, Sin, Iran, Ingila da sauran wurare. Wani ya gwada ya ce bai ga komai ba, ko ɗaya. Wani ya ce ya gani a kashi goma, wani talatin, wani ya ce sama da tamanin cikin ɗari. Almajiran da suka karanta ilimin musɗalahi sun san sunan irin wannan: muɗɗaribi, wato ruwayar da masu ruwaito ta suka saɓa wa juna har aka kasa rinjayar da ɗaya. Malamanmu ba sa gina hukunci a kan irinta. Ba wai an ce masu binciken maƙaryata ba ne, a'a. Na'urar da ake wannan gwaji da ita tana da tsananin ji, ko ɗan ɓurɓushin ƙwayar da ya faɗo daga fatar hannun ma'aikaci ko daga wani naman da aka yanka a ɗakin sai ta kama shi. Ko a wuraren da aka ga ƙwayar, adadinta a nono kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da yadda take cika naman bakin mahaifa. Wasu ma sun same ta a nonon da lafiyarsa ƙalau. Da aka zo aka duba ɗaruruwan nama da sababbin na'urorin da ke nuna ko ƙwaya tana aiki ko kwance kawai take, sai ba a ga tana aiki a dajin nono ba kamar yadda ake ganinta ƙarara a na mahaifa.

Kun san a shari'a, don an ga mutum ya gifta ta ƙofar gidan da aka yi sata ba a yanke masa hannu. Sai an kawo shaida cewa ya shiga, ya ɗauka, ya fita da kayan. HPV a bakin mahaifa an kama ta da kaya a hannu. A nono kuwa iyakarta wasu sun ce sun hango ta a layin, wasu sun ce su ba su gan ta ba. Shi ya sa cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta lissafa HPV cikin masu kawo dajin bakin mahaifa, da na dubura, da na al'aurar maza da mata, da na maƙogwaro, amma ba ta sa nono a jerin ba, ta ce hujjar ba ta isa ba. Ita ma hukumar ta bayyana cewa sankarar mama ba cuta ce da ake ɗauka daga wani ba.

Ni a nawa ganin, masu bincike su ci gaba da bincikensu, ba laifi. Tambayar ba ta wauta ba ce, domin tun 1936 wani masani a Amurka mai suna John Bittner ya nuna cewa a jikin ɓeraye akwai abin da uwa ke ba 'ya'yanta ta ruwan nono yana kawo musu dajin nono, daga baya aka gane bairos ne. Amma ɓera daban, ɗiyar Adamu daban, kuma shekaru kusan casa'in ana nema ba a tabbatar da irinsa a jikin mutum ba. Kada wata ta ji wannan ta ce za ta yaye jaririnta. Akasin haka ma aka tabbatar, zan zo kansa.

Akwai wata hujja da ta daɗe tana burge ni, ga ta kuma mai sauƙin ganewa ko ga wanda bai taɓa shiga aji ba. A Italiya akwai matan coci da ke killace kansu, ba sa aure har su mutu. Tun a 1713 wani likita, Ramazzini, ya lura cewa dajin nono ya yi yawa a cikinsu. A 1842 wani kuma, Rigoni-Stern, ya bi littattafan mutuwa na birnin Berona, ya ga cewa matan nan dajin mahaifa bai cika kama su ba, matan aure da zawarawa ya fi kamawa, amma dajin nono ya fi yawa a wurinsu. To ku auna da hankalinku. Da ƙwayar da ake ɗauka ta saduwa ita ce babbar mai kawo ciwon nono, ai da waɗanda ba su san namiji ba su za su fi kowa tsira. Sai ga shi su ya fi kamawa. Dalilin kuwa, kamar yadda aka gane daga baya, rashin haihuwa da rashin shayarwa ne.

A nan nake so magidanta su buɗe kunne. Wani bawan Allah ya taɓa samuna bayan sallar isha'i, ransa a ɓace, ya ce an tabbatar wa matarsa sankarar mama a asibiti, kuma wata 'yar uwarsa ta kawo masa maganar cewa ciwon na masu bin maza ne, yana so in faɗa masa gaskiya kafin ya yanke hukunci. Mace ce da ta haifa masa 'ya'ya shida, tana kwance tana fama da ranta, shi kuma yana lissafin takardar saki. Na ce masa, Malam, ka ji tsoron Allah. Suratun Nur ta yanke wa wanda ya jefi mace kamila ba tare da shaidu huɗu ba bulala tamanin, kuma ba a sake karɓar shaidarsa. Shaidu huɗu aka ce, ba saƙon murya ba, ba kuma ƙullutu a nono ba. Jifan mata kamilai yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da hadisi ya lissafa.

Kuma bari in ƙara, don kada a bar nono a koma kan masu ciwon mahaifa. Ko ita sankarar bakin mahaifa, wadda aka tabbatar HPV ke kawo ta, ba shaidar alfasha ba ce. Ƙwayar tana iya kwanciya a jiki shekaru ba alama. Namiji yana ɗauke da ita bai sani ba, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Mu nan ƙasar Hausa ana aure, ana rabuwa, ana mutuwa a bar gwauraye da zawarawa, a sake wani auren, ana kuma tara mata biyu, uku, huɗu, duk halal ne. Mutum ya auri bazawara, ita ta samo daga mijinta na fari, shi kuma daga matarsa ta fari, a haka sai ta iso ga budurwar da aka kawo ɗakinta ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta. Wa za ka tuhuma a nan? Kame kai daga zina kariya ce babba, babu mai musu, kaciyar maza ma an gwada a Yuganda an ga tana rage ɗaukar ƙwayar. Amma ragewa aka ce, ba a ce ta hana ɗungurungum ba.

Yanzu maganar allura. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da ita ranar 24 ga Oktoba 2023, lokacin Farfesa Muhammad Ali Pate yana ministan lafiya, aka fara da jihohi 15 da Abuja, cikinsu har da Kano, Jigawa, Bauchi da Kebbi. Mu a Kaduna, tare da Katsina, Sakkwato da Zamfara, sai a zagaye na biyu a watan Mayun 2024. A waɗannan zagayen 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 aka yi wa, allura ɗaya tak, kyauta, kuma tana kare iri huɗu: 6, 11, 16 da 18. Dalilin da ya sa ake yi wa ƙanana shi ne allurar ba ta korar ƙwayar da ta riga ta shiga, tare ƙofa take yi, don haka sai an yi kafin aure take da cikakken amfani. Ba sabuwa ba ce, tun 2006 ake yin ta a duniya. Malesiya, ƙasar Musulmi, tun 2010 take yi wa 'yan matanta a makarantu. A Ingila an bi waɗanda aka yi wa suna 'yan shekara 12 zuwa 13, aka wallafa a 2021 cewa sankarar bakin mahaifa ta ragu a cikinsu da kusan kashi 87 cikin 100.

Na san abin da ke ran wasunku, kuma ba zan ce tsoronku ba shi da asali ba. Mun ga abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mun kuma ga abin da ya biyo bayan dakatar da rigakafin shan inna a 2003: yaran da suka shanye suna nan muna ganinsu a kan kekunan guragu, yanzu sun zama samari. Shi ya sa ba a yin hukunci da tsoro kaɗai, sai a duba kowane abu da hujjarsa. Maganar cewa allurar HPV tana hana haihuwa, kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya mai sa ido kan lafiyar allurai ya duba bai sami hujja ba, kuma 'yan matan da aka yi wa a Malesiya tun 2010 yau iyaye ne masu goyo. Abin da ke hana haihuwa na gaskiya shi ne mahaifar da daji ya ci har aka cire ta. A ƙididdigar 2020, mata kusan 12,000 suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Ni dai ra'ayina a fili yake: a kai yara a yi musu. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa daga hanya, kuma bai ɗauki hakan a matsayin gudun ƙaddara ba. Riƙo da sababi ne.

Sai dai ga inda nake jin tsoro. Kada uwa ta ce an yi wa 'yata allura, shi ke nan ta huta da duba nono. Allurar nan ba a yi ta don nono ba, babu kuma wanda ya tabbatar tana kare shi. Sankarar mama ita ce dajin da ya fi kama mata a Najeriya, ta fi ta mahaifa yawa nesa ba kusa ba: a ƙididdigar 2020 sama da mata 28,000 suka kamu, sama da 14,000 suka rasu. Abubuwan da aka san suna ƙara haɗarinta su ne shekaru, gado daga uwa ko 'yar uwa ko ma ta wajen uba, ƙiba musamman bayan ɗaukewar al'ada, rashin motsa jiki, giya, fara al'ada da wuri, jinkirin haihuwar fari ko rashin haihuwa. Duk da haka kusan rabin waɗanda ke kamuwa ba su da ko ɗaya daga ciki, in ban da kasancewarsu mata da kuma shekaru. Maza ma suna yi, kamar ɗaya cikin ɗari na masu ciwon. Shayarwa kuwa tana ragewa. Wani babban bincike na 2002 da ya haɗa bayanai daga ƙasashe 30 ya nuna kowace shekara ɗaya ta shayarwa tana rage haɗarin da kamar kashi 4 cikin 100. Ku duba hikimar shekara biyun da Suratul Baƙara ta ambata. Amma fa kada mai 'ya'ya goma ta ce ita ta wuce wurin, asibitocinmu cike suke da iyayen 'ya'ya da yawa masu wannan ciwo, da yawansu ma ba su kai hamsin ba.

Abin da ke kashe matanmu ba rashin sanin sunan ƙwayar cuta ba ne. Jinkiri ne. Mace ta ji ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa, ba ya ciwo, sai ta yi shiru saboda kunya. Bayan wata uku ta gaya wa ƙawarta, a ce yaro ne ya yi mata gyatsa a nono. Bayan wata shida a ce jifa ne, kishiya ce, a shiga neman karya sammu. Daga nan a kai ta wurin wanzami ya yi tsaga ko sakiya, ko a samo wani haɗi mai kanwa da toka a shafa, fata ta ɗaye, gyambo ya buɗe. Sai ya fashe yana wari, hannu ya kumbura, tari ya kama ta, sannan a ɗauko mota a nufi Shika. In ta rasu a ce ai asibiti ne suka kashe ta da suka taɓa wurin da ƙarfe. Alhali an kai ta ne bayan ciwon ya riga ya shiga huhu da ƙashi.

Ni mai magani ne, sana'ar da na gada ke nan, na kuma haura shekara arba'in a cikinta. Ina ba da zuma, ina ba da habbatus sauda, ina ba da sassaƙe da saiwa, na kuma ga amfaninsu a inda suke da amfani. Amma ina faɗa muku tsakanina da Allah, babu wani sassaƙe, babu wani ganye, babu wani haɗin man zaitun da aka tabbatar yana narkar da dajin nono. Duk wanda ya ɗora lasifika a mota ko ya yi bidiyo ya ce yana warkar da shi cikin kwana arba'in ba tiyata, ku tambaye shi takardar gwajin naman waɗanda ya warkar, ta kafin magani da ta bayansa. Abin da ke faruwa shi ne, mafi yawan ƙullutun nono ba daji ba ne tun asali. Wani ruwa ne ya taru, wani tsiro ne marar illa da ke fito wa 'yan mata, wani kumburin shayarwa ne. Irin waɗannan in sun baje sai mai magani ya ce ya warkar da kansa, ya samu abin talla. Mai dajin gaske kuma ta zo ta ɓata wata shida a hannunsa, watannin da su ne rayuwarta. Hadisi ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin abin ba, Ibnul Ƙayyim ya yi dogon bayani a kan wannan a Zadul Ma'ad. Abokan sana'ata, wannan magana da ku nake.

Masu cewa yanka nono aikin Nasara ne, su koma tarihi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen shekara ta 1013 miladiyya, a littafinsa At-Tasrif ya yi bayanin wannan ciwo da Larabawa ke kira saraɗan. Ya nuna cewa in yana ƙarami, a wurin da za a iya cire shi gaba ɗaya kamar nono, to a cire shi da saiwarsa. In kuwa ya tsufa ya girma, ya ce shi bai taɓa warkar da irinsa ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba. Ibnu Sina ma a Al-Ƙanun cirewa da wuri ya yi nuni da ita. Shekara dubu ke nan, Musulmi ne, malamai ne, kuma ba su ji kunyar faɗin iyakarsu ba. Hadisin da ya nuna cewa kowace cuta akwai maganinta bai ce maganin lallai a cikin kwalbar mai magani yake ba. Wani maganin wuƙar likita ce.

To me za a yi? Iyaye mata, ku riƙe lokaci ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan wankan tsarki, lokacin nono ya saki. Wadda al'ada ta ɗauke mata ta riƙe ganin sabon wata. A banɗaki, da sabulu a hannu, ki ɗaga hannu ɗaya ki shafa da tafin yatsu uku na ɗaya hannun, ki zagaye nonon duka har cikin hammata. Abin da ake nema: ƙullutu mai tauri, ko da ba ya ciwo, kai wanda ba ya ciwon ma ya fi ban tsoro. Fata ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemo. Kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba. Jini ko wani ruwa na fita ba shayarwa ake ba. Kaluluwa a hammata da ta ƙi baje wa. Gyambon da ya ƙi warkewa. Mai shayarwa da nono ya kumbura da zazzaɓi, galibi ba daji ba ne, amma in an sha magani mako ɗaya zuwa biyu bai sauka ba, a koma. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a cikin makon nan za a je, ba bayan salla ba, ba bayan an sayar da amfanin gona ba. Ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika inda akwai sashen masu cutar daji. Mutane daga jihohi masu nisa suke zuwa Shika, mu kuwa kuɗin mota ɗaya ne tsakaninmu da ita. Za su duba, su yi hoto, in da buƙata su ɗebi ɗan nama da allura su kai ɗakin gwaji. Wannan gwajin naman shi kaɗai ke tabbatar da daji ne ko ba shi ba. Ni ba na iya ganewa da ido, likita ma ba ya iyawa. Ɗibar naman kuma ba ta watsa ciwon, wannan camfi ne.

In kin je, ki yi jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ki ce a duba miki bakin mahaifa. Allurar ta 'yan mata ce, ku manya gwaji ne naku, daga shekara 30, mai ɗauke da cutar HIV kuma daga 25 don haɗarinta ya ninka har sau shida. Gwajin yana kama ciwon tun bai zama daji ba, a magance shi a sallame ki a ranar. Jini bayan saduwa, jini bayan al'ada ta ɗauke, ruwa mai wari da ya ƙi jin maganin sanyi, duk ba na zama a gida ana tsuguno a ruwan bagaruwa ba ne.

Maigida, nauyin a wuyanka yake. Da yawan matanmu ba sa fita sai da izini, ba su da kuɗin mota sai ka bayar. Kai ne ma sau da yawa za ka fara jin ƙullutun kafin ita ta faɗa. In ka hana ta zuwa saboda kada namiji ya ga jikinta, ka sani malaman fiƙihu sun halatta wa likita ya duba gwargwadon lalura, za ka iya neman mace in akwai, za ka iya tsayawa a wurin. In an ce sai an cire nonon, kada ka zama kai ne mai cewa a'a, kada kuma ka juya mata baya bayan an cire. Maganin yana da tsada, ba zan ɓoye muku ba, tiyata da allurar kemo da gashi suna cinye gona. Akwai asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin nono, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, kuma Shika na cikin asibitocin da aka fara da su, sai a tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya yadda ake shiga. Mawadatan unguwa kuma, irin wannan mara lafiya in matalauciya ce ta cancanci zakka, ku neme ta tun kafin a zo da takarda masallaci.

Mu kuma namu aikin yana nan. Wadda ke karɓar kemo tana buƙatar abinci mai gina jiki, kunun gyaɗa, zogale, ƙwai, wake, zuma kaɗan in ba ta da ciwon suga. Tana buƙatar addu'a da ruƙiyya ta shari'a, da wanda zai zauna kusa da ita ranar da gashin kanta ya zube. Amma duk wani jiƙo ko gari da za a ba ta, a fara nuna wa likitanta, saboda wasu itatuwan suna karo da maganin asibiti, wasu suna wahalar da hanta da ƙoda a lokacin da suke cikin aiki mai nauyi. Duk wadda ta zo wurina da ƙullutu a nono, ba na ba ta ko cokali ɗaya na magani sai ta je ta dawo mini da sakamakon gwaji a hannu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. A tura wa iyaye mata da 'yan uwa, wadda ba ta iya karatun boko ba a karanta mata. Darasin hulba sai ranar Alhamis in sha Allahu.